Bana Tsohuwa Ba Ta Yi Ganye Ba

Ranar da muka fara tsinkar inabin gonar gangare, Baba ya yabe ni. Bai saba ba, kuma yabon ne ya tayar mini da hankali.

Muna tsaye a bakin gona, masara a bayanmu, a gabanmu jerin bishiyoyin da inabinmu yake hawa. Baba ya ɗaga kai yana kallon ta ƙarshe, wadda ta fi duka tsawo, wadda muke kira Tsohuwa. Inabi ya nannaɗe ta daga gindi har ƙoli, 'ya'yan sun yi baƙi ƙirin suna reto.

"Ka ga aiki," in ji shi. "Ko ganyenta ɗaya ba ka bari ba. Ashe in ka ga dama kana da hannu, Telmo."

Kowace shekara idan zafi ya kama, mukan hau mu zage ganyen bishiyoyin mu kai wa shanu, don rana ta samu inabin. Duk koren da ya rage a sama na inabi ne. Aikina ne, na kuma yi wa sauran. Amma Tsohuwa ban taɓa ta ba.

"Baba, ai na faɗa maka tun lokacin. Na je da tsani, ban tarar da abin zagewa ba. Bana ba ta yi ganye ba."

"Ta yi, ka zage, ka manta. Kai da kake manta hularka a kanka."

"Ta mutu, Baba."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Matacciyar bishiya ce ta ɗauki wannan kaya? Dube ta fa, kore shar."

"Koren na inabi ne."

"To, madalla. Makaranta ta gagare ka, garejin garin Fafe ya gagare ka, yanzu kuma ka zama likitan itace. Ɗauki ƙafar tsani mu tafi."

Na san abin da ke ransa. Ɗan kawuna ya kama mini wuri a motar masu zuwa aikin gini da za ta tafi Faransa da zarar an gama tsinka, kuma tun da Baba ya ji labarin, duk abin da na faɗa a gona sai ya ɗauke shi dabarar rage aiki. Da na ce masa rumbu ya kama da wuta, cewa zai yi so nake in huta.

Muka fara daga bishiyar farko. Tsaninmu dogo ne siriri, na itacen turare, sai mutum biyu ke iya miƙe shi. Ina dafe ƙafarsa, Baba ya hau ya ɗaure kansa a reshe, sannan ya rataye kwando a ƙugiya ya shiga tsinka. In ya cika sai ya yi kira, "Kwando!" ya zuro shi da igiya, in juye in mayar masa. Innata, Deolinda, tana tsinkar na ƙasa inda hannu ke kaiwa. Maƙwabcinmu Kawu Firmino, wanda gwiwa ta hana shi hawa tun tuni, shi ke kwashe manyan kwanduna zuwa amalanke. In an gama namu, mu ma mu je mu yi masa nasa.

Iska daga kudu take busowa tun asuba, mai ɗumi, mai warin ƙasa. Hadari ya kwanta a kan duwatsu bai motsa ba, sai dai duk ɗaga kan da na yi sai in ga ya ƙara duhu. Ruwa in ya sauka a kan nunannen inabi, fashewa yake ya ruɓe kafin a ankara. Saboda haka ba wanda ya ce a huta.

Bishiya bayan bishiya muna matsawa wajen Tsohuwa. A gidanmu ba mai hawa ƙolinta sai mai gida. Kakana ya hau har tsufa ya kwantar da shi, sannan Baba ya karɓa. Ya ce inabin samanta ne ke ba giyarmu launi da cizo, in babu shi gangar gida ba ta da maraba da ruwan wanki. Kuma Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Duk hawan da ya yi, ina jin nauyinsa yana saukowa ta cikin tsanin har tafin hannuna.

Da ya ɗaure tsani a wata ta tsakiya, na ce zan je in kama ruwa, na zaga ta cikin masara na isa gindin Tsohuwa. Laimar kwaɗi ta fito mata a gefe, manya-manya, jajaye, an jera kamar faranti. Na tura ɗan yatsa ƙarƙashin ɓawonta, ya ɓalle kamar busasshen burodi, tururuwa suka watse. Iska ta kaɗa, na ji wata ƙara can sama, siririya, irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Na yafuto Kawu Firmino. Ya zo yana ɗingishi yana dariya.

"Me ka gani, ɗan Faransa? Maciji?"

Na nuna masa. Dariyar ta tsaya. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Kawu, ka yi masa magana. Kai yana jin taka."

"Abilio? Yana jin tawa in na ce giyarsa ta fi tawa. Ban da wannan, kurma ne." Ya mayar da hular. "Ka san kakanka bai so a kai shi maƙabarta ba, da limamin coci ya yarda, a gindin nan za a binne shi. Ka ce wa ubanka ta mutu, kamar ka ce masa shi ne ya mutu. Je ka gaya wa uwarka."

Na gaya mata tana durƙushe tana tsinka. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya.

"Tun ba a haife ka ba nake ce wa mutumin nan ya sauko," in ji ta. "Bari sai ya ci abinci. Da yunwa ko Ubangiji ya aiko ba zai saurara ba."

Rana ta yi tsaka ba mu ga ranar ba. Inna ta shimfiɗa ƙyalle a inuwar amalanke, ta fito da burodin masara da soyayyen kifi da tukunyar miyar kabeji. Baba ya ɗauko tulun giyar bara, ya zuba wa kowa a farin kwanon tangaran. Ja ce har ta yi baƙi, da ɗan kumfa a gefe, mai tsami da ke sa mutum runtse ido a kurɓin farko. Ita muke sha safe da yamma tun ina ƙarami, ba ta kaiwa shekara biyu, ba kuma wanda ya taɓa neman ta kai. Baba ya juya kwanonsa a hankali har launin ya rina gefen, ya nuna wa Kawu Firmino.

"Ka ga wannan? Taka tana yin haka?"

"Tawa ba don rini nake yin ta ba, don sha."

"Don wanke ƙafa dai."

"Wadda ka shanye mini rabin ganga a bikin 'yata, ƙafarka ka wanke da ita?"

Suka yi dariya. Inna ta bari sai da Baba ya tsoma burodi a giya ya kai baki.

"Kai mutumin nan, bana a bar Tsohuwa."

Ya ci gaba da tauna.

"A jawo inabinta da ƙugiya, a tsinka a ƙasa. Inabi ɗaya ne, ko a sama ko a ƙasa."

"A jawo? In tsinke mata jijiyar da ubana ya ɗora da hannunsa, in durƙusa ina tsintar inabi a cikin turɓaya kamar kaza?" Ya nuna ni da burodin. "Wannan ne ya zuga ki ko? Sauri yake, Faransa na jiransa. An ce ba za su ɗora bulo ko ɗaya ba sai ya iso."

"Abilio," in ji Kawu Firmino, yana kallon cikin kwanonsa, "na ga laimar kwaɗi a gindinta."

"Kai ma akwai abin da ya fito maka a gwiwa, ga ka kuwa a tsaye."

"Baba, to ni in hau. Na fi ka rashin nauyi."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ranar da ka hau Tsohuwa, ranar an kai ni maƙabarta. Ka ƙagara ne?"

Inna ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Can nesa aka yi tsawa, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan ganga a kan dutse.

Baba ya jingina da ƙafar amalanke ya rufe fuska da hula. "Ku tashe ni in kwanon nan ya bushe," ya ce. "Daga nan Tsohuwa zan nufa, kafin ruwa. Sauran sa jira."

Ban iya zama ba. Ni dama zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba, balle yau. Na duba Baba, cikinsa yana hawa yana sauka. Na duba Tsohuwa. Na yi tunanin in na riga shi na kwashe inabin ƙolin, ba abin da zai hau nema. Zagi zan sha, wataƙila har mari, amma na saba.

Inna ta tafi rafi wanke kwanuka. Na taɓa kafaɗar Kawu Firmino.

"Taya ni miƙe tsani."

"Kai yaro, kana so ya kashe mu duka?"

"In ba ka taya ni ba ni kaɗai zan ja shi."

Ya yi tsaki, ya tashi. Muka ɗauko tsanin a hankali, muka jingina shi a jikin Tsohuwa. Da kan tsanin ya taɓa itacen, wani gari ya zubo mana a ka kamar dusa. Kawu ya kakkaɓe hularsa, ya rungume ƙafar tsanin da hannu biyu.

"In ka ji ta yi magana, sauko. Kada ka tsaya gardama da ita."

Na rataya kwando na fara hawa. Da farko ba komai, irin hawan da na saba. Da na wuce rabi sai iska ta same ni sosai, ganyen inabi suna marina a fuska. Na isa inda rassanta suka rabu, inda ake sare su kowane hunturu har wurin ya zama dunƙule kamar kan mutum. Na zagaya igiya a reshe mafi kauri, na ja don in ɗaure, sai igiyar ta nutse a cikin itacen kamar cikin sabulu.

A nan na ga abin da ba a gani daga ƙasa. Tsakiyar dunƙulen rami ne, baƙi, da ruwan sama kwance a ciki yana wari. Rassan ba a jikinta suke riƙe ba. Jijiyoyin inabi ne suka ɗaɗɗaure su, suka miƙa zuwa bishiyar da ke kusa, suna riƙe da ita a tsaye.

Ya kamata in sauko. Amma inabin yana nan dab da hancina, manya, baƙaƙe, rina suna yawo a kansu, kuma na san in na bar ko ɗaya Baba zai hau ɗaukarsa. Na fara yanka ina jefawa a kwando. Duk yankan da na yi sai reshen ya ɗan ɗaga, tsanin ya ɗan zame.

"Telmo!" Muryar Baba ce daga ƙasa. "Sauko mini daga nan, ɗan banza!"

Na leƙa. Ya taho da gudu ba hula, ya ture Kawu Firmino, ya sa ƙafa a matakin farko.

"Baba, kada ka hau! Kada ka hau!"

Ya taka na biyu. Nauyinsa ya shigo tsanin, na ji shi a ƙafafuna, sannan na ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Kamar an karya rake ne kusa da kunnena. Reshen da igiyar da kan tsanin suka tafi tare, sama ta juye, ganye suka rufe ni. Wani abu ya fizge ni ta hammata, ya sake ni, wani ya sake fizga. Jijiyoyin inabin ne nake faɗowa ta cikinsu suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta riƙe hannuna na dama, jikina ya wuce, kafaɗar ta yi ƙas. Na faɗi cikin masara.

Da na buɗe ido Inna na kaina tana kiran sunana, gaban rigarta duk ja. Na ɗauka jinina ne, ashe inabi ne na murƙushe. Hannuna yana kwance a gefe kamar ba nawa ba.

"Motsa ƙafa," in ji Kawu Firmino. Na motsa. "To, da sauƙi. Kafaɗa ce ta goce. Maɗori zai mayar, za ka yi ihu har Faransa su ji."

Baba bai zo kaina ba. Yana tsaye wajen kan Tsohuwa da ya faɗo ya dare biyu. Ya tura hannu cikin ramin har gwiwar hannu, ya fito da wani abu jiƙaƙƙe baƙi, ya murza shi ya zube. Ya daɗe yana kallon tafinsa.

"Wa ya ce ka jingina ta wannan gefen?" ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ta gabas ake jingina mata. Kowa ya sani."

"Kai mutumin nan, ɗanka ne a ƙasa!" in ji Inna.

"Na gan shi. Yana numfashi." Ya goge hannu a wando, ya dubi sama. Ɗigon farko ya faɗo a kan ganyen masara. "Saura huɗun can ba a taɓa ba. Firmino, kama mini tsani."

Tsanin yana kwance a ciyawa, bai karye ba. Ban san yadda na tashi ba. Na riƙe hannun da ya goce da ɗayan, na ja jiki, na zauna a kan tsanin daram.

"Tashi."

"Ba zan tashi ba."

"Telmo, kada ka sa in ɗaga ka."

"Ɗaga ni. Ta wannan hannun za ka kama."

Ya tsaya a kaina yana huci. Zafin kafaɗar yana sa ni ganin duhu-duhu, amma na kafa masa ido. Duk tsawon rayuwata ban taɓa kallonsa haka ba.

"Firmino, je ka kawo naka."

"Nawa? Ai na ba surukina aro."

"Jiya na gan shi a bayan rumbunka."

"To, da safe ya zo ya ɗauka." Kawu Firmino bai ko ƙifta ido ba.

"Shekararsu ɗaya da ita, Baba," na ce. "Rana ɗaya Kaka ya dasa su."

"Sun yi ganye. Kai da kanka ka zage."

"Sun yi. Kaɗan."

Baba ya juya ya tafi wajen amalanke. Na ɗauka gida zai tafi neman wani tsanin, sai na ga ya zaro gatari daga ƙarƙashin kwanduna. Ya wuce mu, ya je ga bishiyar da ke bin Tsohuwa, ya juya gatarin ya buga mata ƙeyarsa.

Ta amsa kamar gangar da aka shanye.

Ya matsa ga ta gaba ya buga. Ita ma haka, sai dai muryarta ta fi zurfi. Ta uku ta yi ƙaƙƙarfan sauti, ya tsaya ya sake bugawa har sau biyu, kamar yana so mu shaida. Ta huɗu ya buga ya wuce da sauri, amma duk mun ji.

Bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba da bin jerin, ya shiga cikin waɗanda ya riga ya tsinke da safe, yana bugawa yana wucewa, yayyafi yana jiƙa masa riga. Muna jin sautin yana nisa. Wata ta amsa da kyau, wata ta amsa da kyau. Sannan wata ta tsakiya ta yi wannan amsar ta wofi, mai tsawo, har ɓawo ya zubo daga samanta. Ɗazu-ɗazun nan yana can ƙolinta yana kiran kwando.

Ya tsaya a gindinta, gatari a hannu, kansa a ɗage. Inna ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta kama rigata ta riƙe.

Da ya dawo fuskarsa ta yi fari. Bai dubi kowa ba. Ya ajiye gatarin, ya ɗauko doguwar gorar nan mai ƙugiya da muke jawo ciyawa da ita, ya miƙa wa Kawu Firmino.

"Jawo su," ya ce. "A hankali. Kada ka tsaya ƙarƙashi."

Kawu ya saƙala ƙugiyar ya ja. Jijiyoyin suka yi ta saki suna zubowa da ganye da 'ya'ya, bishiyar tana kuka tana sunkuyowa kaɗan-kaɗan. Baba ya jawo kwando, ya durƙusa da ƙyar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya buɗe wuƙarsa.

"Ke, kai yaron nan wurin maɗori," ya ce wa Inna.

"Sai an ɗauke tsanin nan an kai gida," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, ruwa yana bin girarsa. Na jira zagi. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanka.

"Deolinda, kama gaba, ya kama baya da hannun da ya rage masa. Ku kai shi rumbu."

Muka ɗauka. Ruwan ya sauko sosai kafin mu fita daga gona. Na waiwaya sau ɗaya. Baba yana durƙushe yana tsinka da sauri, Kawu Firmino yana ja da baya da gorarsa, bishiyoyin kuma suna tsaye a kansu tsirara, suna kaɗawa cikin iska.